Kwana Ashirin da Takwas

A Ikorodu, bayan gareji, akwai wata kwantena
mai taga ɗaya da fanka mai tari.
Nan nake aiki. A ƙofar an rubuta sunan kamfani,
ƙasa da shi, da ƙananan baƙaƙe, Ɗakin Gwaji.

Duk motar kankaren da ta zo juye kaya
ni ke tare ta da bokiti.
In cika mazubin ƙarfe shida,
in soka, in soka, har iska ta fita,
in tsaga musu kwanan wata da ƙusa a goshi
kamar wanzami ranar suna,
in kwantar da su cikin ruwa.
Kwana ashirin da takwas suna jiƙe,
babu ruwansu da saurin Ikko.

Ran da suka cika, sai injin matsa.
Allura ta hau, ta hau,
takardar kwangila tana jiran talatin.
A ashirin da ɗaya tubalin ya yi ƙara
kamar haƙori ya gamu da tsakuwa a shinkafa.
Na biyu ya ɗara da ɗaya. Na uku ko nan bai kai ba.

Oga Bankole bai ɗaga murya ba.
Mutumin kirki ne, shi ya biya asibiti
daren da Delu ta haihu.
Ya dubi ɓaraguzan, ya dubi agogo,
ya ce, Barau, injin nan ya tsufa,
kai ma ka san ya tsufa,
kuma kwalbatin an rufe shi, kwalta na kansa,
wa zai tone?
Alƙalamin na kamfani ne, kujerar ma haka,
abincin da ke cikina a lokacin su suka saya.
Wanda ya ci ladan kuturu, ai ka san sauran.
Na rubuta talatin da ɗaya
don kada ta yi kama da ƙarya.

Injiniyan gwamnati Alhamis yake zuwa.
Gilashi ya sauka rabi, sanyin mota ya shafi fuskata,
na miƙa fayil, ya sa hannu a kan cinyarsa.
Takalminsa bai san launin ƙasar nan ba.

A garinmu kakata Kande ta yi suna a daɓe.
Mata su wuni suna duka, suna yayyafa makuba,
amma mai riƙe da madaɓi ba ta cewa ya yi.
Sai an kira tsohuwa daga wani gida,
wadda ba ta ci tuwon aikin ba,
ta tsiyaya ruwan buta, ta murza diddige,
ta yi shiru.
Shirun nan kowa ke tsoro.
A nan mai dukan ne ya ɗauki tsohuwar aiki,
tsohuwar kuwa ni ce, da tuwo a baki.

Damina ba ta karanta fayil.
Ruwan Yuni ya kwana uku yana tambaya,
a na huɗu hanya ta amsa,
daidai inda Mama Ronke ke gasa masara.
Ta ɗan durƙusa kawai, kamar raƙumi zai sauke kaya.
Direbobin danfo suka koyi kauce mata,
Talle, ƙanin Delu, bai sani ba.
Da asuba ya kira ni, tirelarsa ta karye ƙafa,
albasar da ake jira a Mil Sha Biyu
tana birgima cikin kwata.
Ba wanda ya mutu. Har dariya yake,
yana cewa, Yaya, ba taku ba ce wannan?
Kai da kake gwada musu?

Na ce layi ba kyau.

Ina da wani ƙaramin littafi a gwangwanin madara,
ƙarƙashin gado, can bayan takalma.
Lambobin da allura ta faɗa da bakinta suna ciki.
Ban san wa nake ajiye wa ba.

Gobe wasu shida ke cika kwana.
Ɗazu na leƙa su da tocila,
suna kwance a ƙasan ruwa, lafiya lau,
da rubutun ƙusata a goshinsu.